Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Marini, baduku, maƙeri, masaƙi da mai ginin tukwane, ku ɗaga kai! Duk wanda ya ce sana'ar hannu ta zama tsohon yayi, a kai shi Ƙofar Mata a birnin Kano. Marinar nan tana aiki tun shekarar 1498. Zai tarar da dattijo zaune a bakin karofi, hannunsa ya rine da baba, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa ya sha iska, har shuɗin ya kama. Manyan masaƙun Kakuri a Kaduna, masu injuna da dubban ma'aikata, sun rufe ƙofa. Karofin da aka haɗa da baba da toka kuwa bai daina ciyar da iyali ba.

Kakanninku ba ƙananan mutane ba ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suka jeme da bagaruwa, ta ƙetare Sahara, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Ladi Kwali da yumɓu ta yi suna, ga hotonta nan a takardar naira 20.

Gaskiya ɗaya ce, akwai wahala. Kayan roba da yadin waje sun cika kasuwa, kuma sun fi araha. Amma inji ba ya ɗinka aska takwas irin ta mutanen Zariya. Yau ana fitar da fatarmu daga Sharaɗa da Challawa zuwa Italiya, a mayar da ita takalmi da jaka, a dawo mana da ita da tsadar gaske. Ribar nan ta baduku ce, in ya tashi tsaye.

To, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ku gyara ɗinki, ku tsaftace aiki, ku cika alkawari ranar da kuka ɗauka. Wayar da ke aljihunku rumfa ce: ɗauki hoton aikinka, sa a WhatsApp ko Facebook, mai saye a Legas ko Yamai ya gani. Ku haɗa kai ku sayi kayan aiki a sari, ku tsayar da farashi, kada dillali ya kwashe guminku. Yaron da ke zuwa boko, in ya taso a zaunar da shi a bakin zugazugi. Lissafin da ya koya shi zai riƙe muku littafin ciniki.

Mu kuma masu saye, in Sallah ta zo, mu nemi hular da aka ɗinka a unguwa da takalmin dukawanmu. Ku riƙe gadonku da hannu biyu. Allah Ya sa albarka a sana'a.