Wa Ya Yi Faɗa, Mutum Ko Ƙabila?

Duk ranar da aka ce rikici ya tashi a wata kasuwa a Legas ko Ibadan, mu mazauna Sabo abu biyu muke sauraro: abin da ya faru, da abin da jaridu za su ce ya faru. Sau da yawa na biyun ya fi tayar mana da hankali, domin faɗan kasuwa yakan mutu kafin la'asar, amma kanun labarin da aka buga a kansa yakan isa Kano kafin magariba. To, tambayar ita ce: daidai ne ɗan jarida ya ambaci ƙabilar mutum idan yana ba da labarin rikici, ko kuwa zalunci ne?

Mu ɗauki kasuwar Shasha ta Ibadan, a watan Fabrairu na 2021. Rahotanni sun nuna abin ya faro ne daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago, kan kaya da suka zube a gaban shagonta. Wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu. Mutum uku ke nan. Kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, har sai da wasu gwamnonin Arewa suka zo Ibadan. Kanun labarai kuwa suka ce Hausawa da Yarbawa sun gwabza.

Ƙarya jaridun suka yi? Nan fa ake yin ta. Ɗan jarida yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Zai ce: a Ketu da Mile 12 cikin 1999, da Idi-Araba cikin 2002, an kashe mutane saboda harshen da suke magana da shi. In na rubuta cewa wasu ɓata-gari ne suka yi hatsaniya, na cuci mamatan, na kuma rufa wa makasan asiri. Gaskiyarsa. Mu kanmu ba za mu yarda a binne 'yan'uwanmu sannan a binne dalilin mutuwarsu ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin abu biyu. Idan ƙabila ce dalilin aikin, wato an tare mutum an kashe shi don Bahaushe ne ko don Bayarabe ne, dole a faɗa, ɓoyewa ha'inci ne. Idan kuwa ƙabilar ba ta da hannu a aikin, mutum ne kawai ya fusata ya ɗaga hannu, to liƙa masa sunan ƙabila ɗora wa miliyoyin mutane bashin da ba su ci ba ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: da a ce mai laifin da wanda aka cuta duk ƙabilarsu ɗaya, za a ambace ta? Ai ba za a ambata ba. Ƙa'idojin aikin jarida na Nijeriya da aka amince da su a Ilorin cikin 1998 sun hana ɗan jarida ambaton ƙabila ko addinin mutum ta hanyar ɓatanci. Dokar tana nan, riƙe ta ne aiki.

Kada kuma mu ɗauka duk mugunta ce. Manyan jaridun Turanci yawancinsu a Legas suke, Tribune kuwa a nan Ibadan take tun 1949. Wakilin da aka tura kasuwa galibi ba ya jin Hausa, sai ya tambayi wanda suke jin yaren juna, ya haɗa da bayanin kakakin 'yan sanda, ya aika. Editan da zai ƙaga kanun labarin yana ofis, bai taka kasuwar ba, kalmomi biyar yake nema da za su sa a sayi jarida. A wurinsa duk wanda ya sa doguwar riga da hula Bahaushe ne, ko da Babarbare ne ko Banufe ko Bazabarme daga Nijar. Haka ma idan labarin ya isa Arewa, sai a juya shi: can gawarwakinmu kaɗai ake ƙirgawa, nan kuma nasu. Kowa ya riƙe rabin gaskiya yana rantsuwa da ita.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne labari yana da ƙafa. A watan Yuli na 1999 aka yi rikicin Shagamu lokacin bikin Oro. Bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Kano, aka far wa Yarbawan da ba su da hannu a abin da ya faru. Baƙo a can ya biya bashin baƙo a nan. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya zare ta a shafin farko ba shi ne rufin ɗakinsa ke zuba ba.

Akwai kuma abin da kanun labarai ba sa ɗauka. An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Jikokinmu suna Yarbanci kamar 'yan gari, an yi auratayya, ana bin juna bashin goro da shanu shekara da shekaru ba takarda. Wannan zama na fiye da shekara ɗari ba ya shiga shafin farko, na kwana biyu ke shiga. Wanda bai san mu ba sai ta jarida, zai ɗauka faɗa ne sana'armu.

To, jama'a, ma'aunin da muke riƙe wa ɗan jarida ya hau kan kowa, tunda yau duk mai waya a hannu jarida ne. Wanda ya ɗauki murya a WhatsApp ya aika gida yana cewa ana kashe mu, an gama da mu, alhali bai gani da idonsa ba, ya yi aikin editan nan da muke kuka da shi, kuma masu sauraronsa sun fi yarda da shi don ɗan'uwansu ne. A faɗi abin da aka gani, a ina, mutum nawa, wa ya yi. In akwai maƙwabcin da ya ba da mafaka, shi ma a ambace shi da ƙabilarsa, ai nan ne ambaton ke da amfani.

Muna kuma roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su tanadi mutum guda mai jin Turanci da Yarbanci, mai natsuwa, wanda 'yan jarida za su riƙa samu tun ranar farko, da bayanin da aka tabbatar. Yaranmu masu karatu su ma a ƙarfafa musu gwiwa su shiga aikin jarida. Wanda ba ya wurin da ake rubuta labarinsa, abin da aka rubuta shi zai karanta. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.