Auren Rajista: Abin Da Ya Wajaba Musulmi Ya Sani

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta aure Ya haramta zina, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Kaduna akan sami Musulmi suna zuwa ofishin rajista a ɗaura musu aure, galibi domin takardar da za su nuna a ofishin jakadanci ko wurin aiki. Alhali malamai sun ce bai halatta mutum ya shiga wani al'amari ba sai ya san hukuncinsa.

Dokar Aure ta Nijeriya, wadda ta samo asali tun 1914, ta gindaya sharuɗɗa. Da farko ɗayansu zai ba mai rajista sanarwa, a liƙa ta a ofis har kwana 21, domin mai ƙorafi ya fito. Sa'an nan a yi rantsuwa cewa ɗayansu ya zauna a yankin kwana 15, babu dangantakar da ta hana, kuma babu mai igiyar wani a kansa. Wanda bai cika shekara 21 ba sai da yardar mahaifi a rubuce. Ana ɗaurawa ne a ofis, ƙofa a buɗe, gaban shaidu 2, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. In wata 3 suka wuce daga ranar sanarwa, sai a sake sabon lale.

To, ina waliyyi, ina sadaki? Dokar ba ta tambaye su ba. A mazhabar Imam Malik kuwa aure ba ya inganta sai da waliyyi, da sadakin da bai kasa rubu'in dinari ba, da siga, da shaidu adilai. Saboda haka takardar rajista ba ta tsayawa a madadin ɗaurin auren Musulunci.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, auren rajista na mace ɗaya ne tak. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya ƙara aure alhali na rajista yana nan. Haka kuma sakin miji, da baki ko a takarda, ba ya warware shi a wurin hukuma; sai Babbar Kotu, bisa dokar 1970, bayan ta gamsu cewa zaman ya lalace ba gyara.

Kada wani ya ce zai sa hannu yau gobe ya yi abin da ya ga dama. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alkawari, rantsuwa a kan ƙarya kuwa tana cikin manyan zunubai. Wanda lalura ta kai shi ofishin rajista, ya fara da ɗaurin auren shari'a, ya tuntuɓi malami da lauya, kuma ya bayyana wa matar da waliyyinta abin da za su ɗaure kansu da shi.

Allah Ya sa albarka a gidajen Musulmi, amin.