Fadar Sarki, Gumin Talaka: Daga Gidan Korau Zuwa Bersai

Wannan watan tambaya na zo maka da ita, kuma ina roƙon ka kada ka yi saurin ba ni amsa. In ka tsaya gaban ƙasaitacciyar fada, ka ɗaga kai har hularka na neman faɗuwa, wa ya kamata ka yaba wa? Sarkin da ya ce a gina, ko mutanen da suka kwaɓa ƙasa suka ɗauki tubali a ka? In kuma ta tabbata da zalunci aka gina ta, shin kyawunta yana wanke zaluncin, don kawai shekaru sun ja, waɗanda aka zalunta sun mutu?

Kada ka ce ai wannan zancen mutanen da ne. Har gobe ana gina fadoji, sai dai sunansu ya koma gidan gwamnati, ko masaukin manyan baƙi, ko gidan Alhaji wane mai falo bakwai. Kuma har gobe akwai wanda ke biyan kuɗin ba tare da an shawarce shi ba.

Mu fara daga gida. Duk Bakatsine ya san Gidan Korau. Tarihin baka ya ce Muhammadu Korau ya fito daga 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, a kokawa, ya karɓi sarauta. Shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi, kuma ga zamaninsa ake jingina fadar da hasumiyar Gobarau. Wasu suna kai shi shekarar 1348, masana irin su Dokta Yusufu Bala Usman kuma suka sa shi a ƙarni na 15. Ko ma wanne ka ɗauka, gidan ya haura shekara 500 ana mulki a cikinsa. A Kano kuwa ga Gidan Rumfa, wanda Muhammadu Rumfa ya gina a zamaninsa, 1463 zuwa 1499.

To, yaya ake irin wannan gini? A haƙo ƙasa a bar kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana tsima, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi rana ta gasa. Magini yana zaune bisa katanga, ana jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana caɓewa. A saro giginya a tsaga azara, domin gara ba ta cika cin ta ba. Da azarar ake ɗaura bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda ke riƙe rufin soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. A gama a shafe da makuba daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. A kafa zankwaye, a sa indararo. Kowane mataki cikin waɗannan hannun mutum ne, wuyan mutum ne, gadon bayan mutum ne.

Yanzu faɗa mini, cikin dubban da suka yi wannan aiki, sunan mutum nawa ka sani? Maginin da sunansa ya fi tsira a ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Shi ɗin ma, labarin da ake bayarwa shi ne wai wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya je ya yi wa wani irinsa. Ko gaskiya ne ko almara, labarin ya nuna yadda jama'a suka fahimci abin: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa duk gayya ce ta ganin dama. Akwai bayi a ciki, akwai aikin da in dogari ya kira ka ba ka da bakin cewa a'a.

Amma ginin ƙasa yana da wani hali da ya kamata ka lura da shi. Ba ya tsayawa da kansa. Kowace damina sai ta ci rabonta, kowane rani sai an yi yaɓe. Ranar da jama'a suka janye hannu, shekaru kaɗan ne sai ka tarar da kufai. Wato fadar ƙasa kullum tana tuna wa mai ita cewa da mutane take tsaye.

Mu leƙa Faransa ka ga inda abin ya kai maƙura. Bersai, wanda Faransawa ke rubutawa Versailles, ƙauye ne a da, cikin fadama mai sauro, kimanin kilomita 20 daga birnin Faris. A 1623 Sarki Luwi na 13 ya yi ɗan masaukin farauta a wurin. Ɗansa Luwi na 14 ya hau gado a 1643 yana ɗan shekara 4. Yana yaro manyan ƙasa suka yi bore, har a 1649 aka fice da shi daga Faris cikin dare. Bai taɓa mance wannan ba.

A watan Agusta na 1661 ma'ajin ƙasa, Fouquet, ya gayyaci sarki walima a sabon gidansa. Gidan ya fi na sarki kyau. Kai, ashe gayyatar ajali ya yi! Ba a yi wata guda ba aka kama shi, kuma a kurkuku ya mutu a 1680. Sarki ya kwashe gwanayen da suka yi masa aikin, Le Vau mai zanen gini, Le Brun mai ado, da Le Notre mai tsara lambu, ya ce su nufi Bersai. Ka ga ke nan harsashin fadar ma da kishi aka haƙa shi. Daga baya Mansart ya gina Zauren Madubai tsakanin 1678 da 1684, tsawonsa mita 73, da madubi 357, a zamanin da madubi yake kayan sarakuna. A ranar 6 ga Mayu, 1682, sarki ya tare da fadawansa da gwamnatinsa, ana tsakiyar aiki. A 1685 an lissafa ma'aikata wajen 36,000 a wurin. Fadar da ake gani yau tana da ɗakuna kimanin 2,300.

Ruwa shi ne ya gagari sarki. Yana son maɓuɓɓugai masu feshi ko'ina a lambu, wurin kuma ba kogi. Aka ƙera wani ƙaton inji a Marly mai ƙafafun juyi 14 don ɗago ruwan kogin Sen, bai wadatar ba. A 1685 aka tura dubban sojoji su haƙa hanyar da za ta jawo ruwan kogin Eure daga nesa. Zazzaɓi ya yi ta kashe su, yaƙi ya taso a 1688, aka watsar da aikin ba a gama ba. Tun a 1678 wata mata mai suna Madam Sevigne ta rubuta a wasiƙa cewa da dare ake fitar da gawarwakin leburori a amalanke don kada saura su tsorata. Duk da haka ruwan bai isa ba. In sarki na yawo a lambu, sai a buɗe famfon da ke gabansa, a rufe wanda ya wuce. Ka ji fa! Rayuka sun salwanta don ruwan da ake kunnawa a yaudari idon mutum ɗaya. A 1689 aka narkar da kujeru da teburan azurfa na fadar don biyan kuɗin yaƙi. A yunwar 1693 zuwa 1694 fiye da mutum miliyan ɗaya suka mutu a Faransa.

Na san abin da za ka ce, kuma maganarka tana da nauyi. Za ka ce, yo in ba don irin waɗannan sarakuna ba, me za mu gada? Talaka ba ya gina abin tarihi. Miliyoyin mutane ke zuwa kallon Bersai duk shekara, Faransa na cin riba. A Zauren Madubai aka sa hannu kan yarjejeniyar 1919 da ta raba Jamus da Kamaru, wadda sanadinta daga baya, a 1961, su Mubi da Gwoza suka zama Nijeriya. Za ka ƙara da cewa mulki yana buƙatar kwarjini, sarkin da ke zaune a bukka ko yara ba za su ji maganarsa ba. Haka ne. Bahaushe bai taɓa son ganin sarkinsa a wulaƙance ba, kuma darajar fada darajar gari ce.

Sai dai gini iri biyu ne. Akwai wanda ke kusanto da mai mulki ga jama'a, akwai wanda ke ɓoye shi daga gare su. Gidan Korau a tsakiyar gari yake, Ƙofar Soro na kallon filin Kangiwa, masallaci na kusa. Zaure an yi shi ne don mai ƙara ya samu inda zai durƙusa ya faɗi kukansa. Ganuwa kuwa ta kewaye sarki da talaka da gonaki gaba ɗaya. Luwi na 14 shi guje wa Faris ya yi, ya tara manyan ƙasa a gidansa, ya shagaltar da su da gasar wa zai miƙa masa riga da safe, don kada su sake yi masa bore. Dabarar ta ci, amma jikokinsa ne suka biya. Sun tashi ba su san kuɗin burodi ba. A ranar 5 ga Oktoba, 1789, matan kasuwar Faris suka tako da ƙafa cikin ruwan sama har Bersai suna neman abinci. Washegari suka tasa Luwi na 16 da iyalinsa zuwa Faris. Ba su sake kwana a fadar ba, kuma a Janairun 1793 aka fille masa kai. Ɗakuna dubu biyu ba su ba shi mafaka ta dare ɗaya ba.

In kana son ka auna fada, kada ka auna ta a bakin ƙofarta. Tafi bakin iyaka. A wurinmu, tafi ƙasar Ruma, ka tambayi mutumin Batsari da na Safana. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakuna suka koma Maraɗi, yammacin Katsina ya zama hanyar mahara. Masana tarihi sun rubuta cewa a farkon shekarun 1840 garuruwan wannan yanki suka goya wa Ɗan Mari na Maraɗi baya, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe boren da ƙarfin tsiya, garuruwa suka watse, daji ya cinye gonaki. Siddiku ya ci yaƙi, amma a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi bayan koke ya yi yawa a kansa. Da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya iso Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen fiye da mil 13, amma ya ƙiyasta mutanen ciki ba su wuce 8,000 ba. Katanga na nan, fada na nan, mutane ne babu.

Kuma dajin bai gama karɓar bashinsa ba. A watan Fabrairu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shige daji da su. A waɗannan shekaru manomi a gefen dajin Rugu ya sha barin gonarsa ba shuka, mata da yara suka yi ta kwana a makarantu da kangwaye cikin gari. Yau mulki ba a hannun sarakuna yake ba, yana hannun waɗanda muka zaɓa. To kai mai karatu, in aka nuna wa matar da ta gudo daga ƙauyenta da goyo hoton sabon ginin gwamnati mai walƙiya aka ce ta yi alfahari, me kake jin za ta ce?

Ga inda na tsaya. Kyau ba ya wanke zalunci. Leburan da ya mutu a fadamar Bersai bai san za a zo kallo bayan shekara 300 ba, ba a tambaye shi ba, kuma kuɗin tikitin 'yan yawon buɗe ido ba ya isa kabarinsa. Hakki ba ya ruɓewa don ya daɗe. Amma kuma zalunci ba ya mai da gwanintar magini ƙazanta, don haka rushewa ba magani ba ce. In ka rushe, ka kashe leburan sau biyu, tunda ginin shi ne kaɗai shaidar da ya bari. Faransawa sun gane haka, a 1837 suka mai da fadar gidan tarihi, jikan leburan ya samu shiga inda kakansa ya mutu a bakin ƙofa. Abin da ya rage mana shi ne mu kalli irin waɗannan gine-gine da ido biyu, ɗaya na sha'awa, ɗaya na lissafi. Wanda kuma zai gina sabo, a tambaye shi tun kafin ya haƙa harsashi: kuɗin wa? Don amfanin wa? Me aka fasa yi don a yi wannan?

Marubutanmu da masu shirya fim, ku ma da naku. Mun sha kallon finafinan sarauta irin su Sangaya, ga yarima, ga gimbiya, ga kuyangi da fifita. Yaushe za a juya kyamara ta kalli wanda ya yi yaɓen soron? Labarin Babban Gwani kaɗai ai ya isa fim.

Kai ma mai karatu ba ka tsira ba, don kowane mai gida sarki ne a gidansa. In Allah Ya hore maka ka kafa gini, dubi yaron da ke hawa bene da kwanon kankare a ka tun safe. Ka biya shi ran da ya yi aikin, ko kuwa sai ya yi ta sintiri ana ce masa Alhaji ya yi tafiya? In ya faɗo ya karye, asibiti za ka kai shi ko wani za ka ɗauka a madadinsa? Tambayar da muka yi wa Luwi ita ce taka, girman ginin ne kawai ya bambanta.

Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya zaunar da ƙasar Ruma da sauran ƙasarmu lafiya, Ya raba mu da kwana a ɗakin da aka gina da hakkin wani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.