Wa Ya Wajaba Ya Ɗauki Nauyin Mai Bincike?

A shekarar 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, wadda yau ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, domin nazarin yadda za a ci moriyar hasken rana. Cibiyar ta tarayya ce. Amma ranar da take nazari a kan Sakkwatawa take ƙwallewa, kuma ingantaccen murhun da ta ƙera, mai rage cin itace, matan karkarar yankin ne zai fara hutar da su daga hayaƙi. To, a wuyan wa nauyinta ya rataya?

A da gwamna yana da uzuri, domin akasarin ikon lantarki yana hannun Abuja. A 2023 aka gyara tsarin mulki, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami damar samar da wuta su rarraba ta cikin iyakokinsu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bai dace jiha ta karɓi ikon sayar da wuta, sannan ta bar wa wani kuɗin neman ilminta ba.

Duk da haka hujjar gwamnan ba ta banza ba ce. Wa'adinsa shekara huɗu ne, bincike kuwa kan ci goma bai haifar da abin nunawa ba. In ma ya haifar, ilmi bai san iyaka ba: Kebbi da Zamfara za su amfana ba su ba da ko sisi ba, alhali malaman firamare suna jiran albashi. Saboda haka doguwar tafiya, irin ta na'urar binciken nukiliya da ta fara aiki a Zariya a 2004, tarayya ce kaɗai za ta iya ɗauka.

Sai dai akwai tambayoyin da ba a amsa su daga ofis. Wutar da faifan sola ke bayarwa nawa ƙurar hunturu take ragewa? Batir shekara nawa zai jure zafin bazara? Filin gwaji, da asibitin ƙauye, da rijiyar burtsatse duk a hannun jiha suke, kuma kuɗin irin wannan gwaji bai fi ƙarfinta ba.

Abin tsoro shi ne haɗin gwiwar da ba a faɗi rabon kowa ba. A gayya an san mai kawo fartanya, an san mai dama fura. Tashar lantarki ta iska da ke Lambar Rimi jihar Katsina ce ta faro ta, tarayya ta karɓa, aka kuma shafe fiye da shekara goma mutanen Rimi suna kallon turakunta suna kwana a duhu.