Ajali da Gadin Bakin Ruwa

Idan ruwa ya ci yaro, abin da ake gaya wa iyayensa a zaman makoki shi ne kwana ya ƙare, kuma ya yi shahada. Maganar tana da tushe, domin hadisin da ya lissafa wanda ya nutse cikin shahidai yana cikin Buhari da Muslim. Sai dai ladan mamaci daban, nauyin da ke kan masu rai daban, kuma malaman fiƙihu ba su taɓa haɗa su ba.

Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a biyar da Gazali da Shaɗibi suka bayyana. Ceton wanda ruwa zai ci farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi, ta sauka daga kan kowa, in kuwa mutum ɗaya ne ya iya, ta zama tasa shi kaɗai, ko da sai ya yanke salla. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan malaman ƙasar Gwandu, ya ƙara tsanantawa, inda ya ɗora lamuni a kan wanda ke da ikon ceto ya ƙi. Mai kafa hujja da ƙaddara kuwa Sayyidina Umar ya riga ya amsa masa a Sarg, sa'ad da ya juya da jama'a daga annobar Sham, ya nuna wa Abu Ubaida cewa gudun ma ƙaddarar Allah ce.

A Danwarai da sauran garuruwan Aliero, Jega da Maiyama a Jihar Kebbi, ruwa ba ya nisa da yaro. Ga Gulbin Zamfara da ya bi ta Jega, ga kududdufan da aka haƙa ƙasar gini suna cika da damina, ga rijiyoyin lambun albasa da rani. Haɗarin ya shafi kowane yaro, amma ba daidai ba. Kurma ba ya jin ihun da ake yi masa daga gaɓa. Yaro mai galahanga yakan sulale daga gida ba a sani ba, kuma ruwa na jan hankalin irinsa ƙwarai. Mafi muni shi ne mai farfaɗiya. Yarinya na durƙushe tana wanke kwanuka a ruwan da bai kai gwiwa ba, ciwon ya buge ta, ta kifa da fuska, babu ihu babu fantsama. Abokan wankinta kan watse, saboda an tashe su da camfin cewa yawun mai farfaɗiya na sa ciwon. Ba ya sawa. Abin da take buƙata shi ne a ɗaga kanta daga ruwa, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata komai a baki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Maganin da iyaye suka fi sani shi ne kulle yaron a gida. Niyyar mai kyau ce, amma ta hana shi wasa da tsararsa, ta kuma hana shi koyon iyo, alhali ran da zai fita ba a sani ba tana nan tafe. Babba guda da ya iya ruwa, zaune a gaɓa lokacin da yara ke wanka, ya san wane ne kurma, wane ne mai faɗuwa, da igiya da jarka a gefensa, ya isa ya ba yaron damar shiga cikin 'yan'uwansa.

Gwanayen ruwa ba su yi wa Jihar Kebbi ƙaranci ba. Masuntan da ke faɗawa kogin Matan Fada da gora da homa a bikin Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, sun ishi shaida, kuma sarautar Sarkin Ruwa tana nan da ranta. Abin da babu a yawancin ƙauyuka shi ne wanda aka ce wannan aikinsa ne. Mai gari, liman da Sarkin Ruwa za su iya tsara gadin bi da bi daga faɗuwar damina har ruwa ya janye. Muddin ba a naɗa kowa ba, a ƙa'idar kifaya laifin yana kan duk mai iko a garin.