Wanda Ya Gani, Ya Faɗa

A watannin baya wata tsohuwa ta ekklesiyarmu tana dawowa daga kasuwa da ƙwaryar gero a kanta, sai wata ƙaramar mota ta kaɗe ta a bakin titi. Ƙafarta ta karye a wuri biyu. Da rana tsaka ne, wurin kuwa cike ya ke da mutane: masu tireda, masu sayar da lemo, 'yan acaɓa, da fasinjoji masu jiran mota. Direban ya ɗan tsaya, da ya ga taro yana ƙaruwa sai ya ja motarsa ya tafi. Bayan kwana biyu muka koma wurin tare da ɗanta, muna neman wanda zai ce, "Na gani." Muka bi rumfa rumfa. Kowa ya jajanta mana, kowa ya zagi direban, amma ba wanda ya riƙe lambar motar, ba kuwa wanda ya yarda a rubuta sunansa. Iyalin suka sayar da awakinsu da buhun dawa domin kuɗin asibiti. Tsohuwar tana da gaskiya, amma gaskiyarta ta rasa mai tsaya mata.

Tun daga ran nan tambaya ɗaya ta ke damunmu. Mutumin da ya ga haɗari da idonsa, akwai bashi a kansa, ko babu?

Kafin mu amsa, bari mu duba yadda a ke neman diyya. Alƙali ba ya wurin sa'ad da abin ya faru, ma'aikacin kamfanin inshora ma haka. Abin da aka kawo gabansu shi kaɗai su ke da shi. Dokar shaida ta Nijeriya ta shekarar 1945 an sāke ta a 2011, amma tushenta yana nan: wanda ya ce an cuce shi, shi zai tabbatar. A shari'ar diyya akan ɗora shaidar kowane gefe kamar a kan ma'auni, wadda ta fi nauyi ita ta ke rinjaya. Wanda aka buge sai ya nuna abu uku: cewa direba ya yi sakaci, cewa sakacin nan shi ya jawo raunin, da kuma yawan hasarar da ya yi. Tun daga wata doka ta 1945 har wa yau, tilas ne kowace mota da ke bin hanya ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta raunata ko iyalin wanda ta kashe. Ashe hakkin yana nan a ajiye, amma ƙofarsa ba ta buɗuwa sai da shaida.

To, a cikin masu bin hanya duka, ba wanda ya kai mai tafiya a ƙasa rasa abin da zai kāre kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 su ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da ɗaya cikin biyar kuwa masu tafiya a ƙasa ne. Sau da yawa wanda aka buge bai ma ga abin da ya buge shi ba. Ya farka a gadon asibiti, ba ya iya faɗin launin motar, balle lambarta. Direba kuwa ya fita lafiya, yana da labarinsa a shirye. Idan ba wanda ya yi magana, labari ɗaya kaɗai za a ji.

Akwai shaidu marasa baki, su ma sukan taimaka ƙwarai. Lambar mota ita ce ta fari, gama da ita a ke gano mai motar da kamfanin inshorarsa. Sai sawun taya a kan kwalta. Motar da ta ninka gudunta sau biyu tana bukatar nisa ninki huɗu kafin birki ya tsai da ita, saboda haka tsawon sawun yakan tona asirin gudun da a ke yi. Wurin da fasasshen gilashi ya zube, da gefen motar da ya lotse, sukan nuna inda mutumin ya ke tsaye, ko a gefen hanya ko a tsakiyarta. Sai takardar likita da hoton ƙashi, waɗanda su ke haɗa raunin da ranar haɗarin, da rasit na magani, da rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗura wadda aka kafa a 1988. Dokar 2011 ta kuma buɗe hanya a karɓi hoton wayar hannu da na kyamarar tsaro a kotu, in an cika sharuɗɗanta. Amma waɗannan duka ba su daɗewa. Ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke sawun taya, makanike kuwa ya gyara lotsuwa a yini guda. Har tunanin mutum yakan jirkita, gama bayan mako biyu abin da ya gani ya riga ya gauraya da abin da ya ji a majalisa.

Yanzu ga amsarmu. I, akwai bashi, hanya biyu ce kuwa mutum ya ke cin bashin nan.

Hanya ta fari ita ce shiru. Mun san dalilan masu yin shiru, ba mu kuwa raina su ba. Mai tireda yana tsoron rufe rumfarsa kwana da kwanaki yana zirga-zirga, ɗan acaɓa yana tsoron kada daga shaida a maishe shi mai laifi, wani kuma yana tsoron mai motar babban mutum ne. Amma mu auna. Hasarar mai shaida ta kwana biyu ce ko uku, ta wanda aka buge kuwa wataƙila ta dukan ransa ce. Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 5, ta ɗora laifi a kan wanda ya ga abu, aka nemi shaida, ya ƙi faɗa. Mukan ɗauka mai shaidar zur kaɗai ya yi zunubi. Amma a gaban alƙali, shirun mai gaskiya da bakin maƙaryaci wuri ɗaya su ke kai shari'a. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Dukanmu muna ƙetare titi, 'ya'yanmu ma haka.

Hanya ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin tana zuwa da fuskar tausayi. Wani zai ce, "Talaka ne aka buge, mai motar kuwa yana da hali. Me zai ɓaci in na ɗan ƙara gishiri?" Sai ya ce motar tana gudu kamar iska, alhali kuwa bai waiwaya ba sai da ya ji ƙara. Ko kuwa ya ɓoye cewa yaron ya faɗo hanya a guje daga bayan wata babbar mota. 'Yan'uwa, wannan ma shaidar zur ce. Shari'ar nan ta Musa da ta hana a danne matalauci, ita ce kuma a Fitowa sura 23 ta hana a goyi bayansa a shari'a domin talaucinsa. Direba shi ma maƙwabcinmu ne. Wataƙila ɗan haya ne mai ciyar da mutum takwas, kalma ɗaya ta ƙarya kuwa tana iya raba shi da aikinsa ko ta kai shi kurkuku. Banda haka, ƙarin gishiri yakan cuci wanda a ke so a taimaka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da zarar lauya ya kama mai shaida da ƙarya ɗaya, sauran maganarsa duka ta yi rauni. Ba ma bukatar ƙarya, gama ko mai tafiya a ƙasa yana da nasa rabon laifi, kotu ba ta kan kore shi hannu wofi ba. Takan rage diyyar daidai da laifinsa, ta ba shi saura.

Haka nan taron da ya ke tasar wa direba da duka, ko ya cinna wa mota wuta. Suna tsammani suna rama wa wanda aka buge, alhali kuwa shaidarsa su ke ƙonewa. Tsoron irin wannan taro shi ya ke sa har direba mai kirki ya gudu.

Me za mu yi ke nan? Rai shi ne kan gaba. A kai mai rauni asibiti, dokar lafiya ta 2014 kuwa ta hana a ƙi duba wanda ya ke cikin halin gaggawa. Sa'an nan wani ya rubuta lambar motar, da lokaci, da wuri. Mai waya ya ɗauki hoton hanya da motar tun ba a gusar da kome ba. Wanda ya gani ya ba iyalin sunansa, ya kuma rubuta abin da ya gani a ran nan. In an kira shi, ya rarrabe abu uku: abin da idonsa ya gani, abin da aka gaya masa, da abin da ya ke zato. Na farin kaɗai shi ne shaidarsa. Idan kuwa ɗan'uwa zai rasa cinikin yini saboda zuwa kotu, ya kamata dattawan ekklesiya su raka shi, su kuma ɗauke masa kuɗin mota.

Tsohuwar nan tana zuwa sujada yanzu da sanda, takan zauna a bencin baya kusa da ƙofa. Ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Amma mu, duk sa'ad da muka gan ta, mukan tuna mutum fiye da ashirin sun ga abin da ya same ta, ɗaya tak kuwa ta ke bukata. Allah ya ba mu zuciyar da za mu zama ɗayan nan.