Mai Haɗa Kiɗa, Fito Ka Faɗi Sunanka

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Tsanyawa, ko 'Yankamaye, ko Dumbulum, ya san yadda wuri ke kacamewa da zarar an saki waƙar amarya. Mata su miƙe, yara su cika fili, ana ta liƙi. Tambayi kowace yarinya wa ya rera, nan take za ta faɗa maka. Ka ce mata wa ya buga kiɗan, wa ya tace muryar har ta fito tangaran, sai a shiga kallon-kallo. Wanda ya raba dare a kan waƙar babu mai ambatonsa. Da shi nake magana yau, shi da duk matashin da ya kafa ɗan situdiyo a wannan yanki namu yana neman halalinsa da kunne da yatsu.

Na san irin ɗakin da kake aiki, ƙanina. Shago ne ɗan ƙarami, an lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai don kada ƙarar tirelolin titin Katsina ta shigo. Ga fiyano a gefe, ga kwamfutar da aka saya ta hannu, ga makirufo an sa masa safa don ya tare iskar baki. Janareta na can bayan gini da doguwar waya, saboda kada rurinsa ya shiga waƙa. In za a ɗora murya dole a kashe fanka, ko da kuwa a watan Afrilu ne, ku yi ta haɗa gumi kai da mawaƙi har baitin ya zauna. Ka maimaita layi ɗaya sau ba adadi, ka gyara wa mai shaƙaƙƙiyar murya, ka lallashi wanda ya fusata. Wannan aiki ne na gaske, kuma wanda ya iya shi ya cancanci a san shi, a neme shi, a biya shi daidai wahalarsa.

Sana'ar nan tana da asali a Kano. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da fim ɗin Hausa ke rarrafe, kamfanin Iyan-Tama ya kafa situdiyo da fiyanon Yamaha, inda irin su Nasir Ishaq Gwale da Alee Baba Yakasai da Muktar Kwanzuma suka riƙa fitar da sautin kalangu da sarewa daga cikin na'ura. Da fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta game arewa, kiɗan fiyano ya samu gindin zama. To me ya sa har yau muke iya kiran sunayen mutanen nan? Saboda an rubuta su. Mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, ta bibiyi masana'antar, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya zauna ya rubuta tarihin sana'ar. Haka ma Alhaji Mamman Shata: ya rasu a 1999, a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah. Amma duk da shaharar Shata, mutum nawa ne a cikinmu zai iya lissafo makaɗan da suka riƙe masa kalangu shekara da shekaru? Sai ɗaiɗaiku. Makaɗi kullum a bayan fage yake, in bai samu mai faɗin sunansa ba sai ya shuɗe.

Makaɗan da sun fahimci haka, shi ya sa ba sa tafiya sai da sanƙira. Shi ke shelanta wa jama'a wanda ya iso, ya yi kirari, ya faɗi kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa. A zamanin kaset ma akwai bangon kaset, ana rubuta sunan situdiyo da na makaɗi. Yanzu fa? Waƙa na tashi daga memori zuwa memori, daga shagon masu tura waƙa a waya zuwa WhatsApp, kowa ya sauya mata suna yadda ya ga dama. Kafin ta kai Bichi ta zama marainiya. Sanƙira ya tafi, bangon kaset ya tafi. Abin da ya rage shi ne wayar da ke aljihunka, don haka aikin shela ya dawo wuyanka.

Na san abin da za ka ce: yabon kai jahilci ne. Gaskiya ne, kuma tarbiyyarmu ke nan. Sai dai talla daban, fahariya daban. Ba wanda ya ce ka fito kana bugun ƙirji wai babu kamarka daga nan har Legas. Abin da ake so shi ne ka ba da labarin aikinka a rubuce, da Hausarka, a kai a kai. Ka gama waƙar walimar wata Islamiyya? Rubuta yadda aka yi: ɗalibai nawa suka yi amshi, yadda ka jera su nesa da makirufo don muryoyinsu su haɗu ba tare da ɗaya ta danne saura ba, dalilin da ya sa ka bar waƙar babu kiɗa sai mandiri, ko babu komai sai murya. Ka ɗora ɗan guntun sautin a ƙasa. Shugaban wata makarantar a Gurun ko Kabagiwa da ya karanta wannan ya riga ya san hannun da zai damƙa wa yaransa, tun kafin ya gan ka.

Kada ma ka tsaya ga abin da ka gama. Koyar da mutane. Yawancin masu zuwa situdiyo a karon farko ba su san me ake nufi da ɗora murya ba, ba su san cewa mai mura ya kamata ya jinkirta ba, ba su san in sun zo da baitoci a rubuce kuma a haddace za su rage wa kansu lokaci da kuɗi ba. Rubuta musu wannan. Bayyana bambancin aikin da ake gamawa a wuni da wanda ke buƙatar mako. Faɗi yadda kake karɓar kafin alƙalami, da ranar da mutum zai dawo ya karɓi kayansa. Wasu na tsoron in sun koyar za a ƙwace musu sana'a. Ni ban taɓa yarda da wannan tsoron ba, domin ilimin da ke cikin kunnenka ba ya kwafuwa ta hanyar karatu, kuma mai nema ya fi sakin jiki da wanda ya buɗe masa ido. Waɗanda ba sa karanta boko kuwa, maimaita musu maganar da murya, ai murya ce sana'arka.

Kuma kada wani ya raina maka kasuwa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tsanyawa ta haura mutum 150,000, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadin. Mazaɓu 10 ne, kowace da angwaye da amare, da masu saukar Alƙur'ani, da sha'irai masu jiran watan Maulidi, da masu naɗin sarauta, da 'yan kasuwa masu son waƙar talla, ga kuma kakar siyasa in ta zagayo. Ƙara da maƙwabta, Bichi da Bagwai da Shanono da garuruwan Katsina na kan iyaka. Da yawa daga cikin mutanen nan suna biyan kuɗin mota su tafi titin Gidan Zoo a Kano, su wuni a layi, don aikin da za a iya yi musu a gida. Ba ƙin ka suke yi ba, ba su san kana nan ba ne. Sannan ga 'yan cirani da ke Legas da Abuja da Fatakwal. Ƙanwar mutum za ta yi aure a gida, yana son ya yi mata bajinta da waƙa, ba shi da hanyar sanin mai yi sai abin da ya gani a waya. In ya rubuta “situdiyo a Tsanyawa” a Facebook ko Google, sunan wa zai fito? Wanda ya rubuta sunan garinsa da lambarsa a ƙarƙashin kowane aiki, shi zai samu wannan cinikin, a turo masa kuɗi ta banki yana zaune.

Saboda haka zaɓi suna ɗaya ka riƙe. Wanda ke jikin allon shagonka shi ne zai kasance a Facebook, da YouTube, da TikTok, da Audiomack, da kan rasit. Ka sa a ambace shi a farkon waƙa ko ƙarshenta. Don Jazzy ta haka ya shiga kunnen 'yan Najeriya tun zamanin kamfanin Mo'Hits, mawaƙa na kiran sunansa a bakin waƙa, har ya kafa Mavin a 2012, kamfanin da Universal ya sayi kaso mafi tsoka a cikinsa a 2024. Makaɗi ne kamarka, bai yarda a binne sunansa ba. Ku ma mawaƙa, ku ji tsoron Allah ku riƙa faɗin wanda ya yi muku kiɗa, ba abin da zai rage muku.

Abin da ke kayar da mutane a wannan hanya shi ne gajen haƙuri. Mutum ya yi rubutu sau biyu, ya ga ba a yi masa ca ba, sai ya watsar. Kai ɗan manoma ne, ka san yadda ake kai taki gona a ƙasarmu: tun da rani, mangala bayan mangala, a jibge nan a jibge can, ba wanda ke tsammanin ganin zangarniya a ranar. Da damina biki kan ja baya, kowa na gona, situdiyo ya yi shiru. To lokacin rubutu ke nan. In kaka ta yi, gero da dawa da gyaɗa suka shigo gida, aka fara sa ranar aure, sunan da aka saba gani duk mako shi zai fara faɗowa a rai. Ka dubi marubutan littattafan Hausa na waya, waɗanda akasarinsu mata ne. Daga cikin ɗakunansu suke sakin shafi bayan shafi a WhatsApp da Wattpad, har suka tara masu karatu da ke biyan kuɗi don a ci gaba da labari. Ba su da jarin da ya fi naka, naci ne kawai. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ma, a 2020 lokacin kullen korona, ta hannun mutane ta yaɗu, waya zuwa waya. Ba kowa ne zai samu irin wannan farin jinin ba, kuma ba shi kake nema ba. Abokan ciniki kake nema waɗanda za su dawo, su kuma kawo wasu.

Akwai amana a ciki, kuma a nan ba na sassautawa. Waƙar amarya da hotonta ba naka ba ne, kada ka sake su sai da yardar gidansu. Muryar matar aure da ta zo ɗora waƙa, ko kuskuren da mawaƙi ya yi ana cikin ɗauka, sirri ne. Rana ɗaya ka mayar da abokin ciniki abin dariya don neman mabiya, garin nan ƙarami ne, labari zai riga ka isa gida. Kada ka zagi abokin sana'a, kada ka ɗauki kiɗan wani ka ce naka ne, kada ka sayi mabiyan bogi waɗanda ba za su taɓa taka ƙofar shagonka ba. Ka kuma kare naka haƙƙin. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta aiki da “ai mun yi magana”. Ku rubuta a takarda: wa ke da kiɗan, wa zai ɗora waƙar a YouTube, yaya za a raba abin da ya shigo. In hali ya samu, yi wa sunan kasuwancinka rajista da hukumar CAC, ka kuma san ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001, domin mawaƙa da situdiyo na cikin hurumin da take sa wa ido.

Wani abu kuma: shafin sada zumunta gidan haya ne, ana iya rufe shi ko a sace shi dare ɗaya. Sayi littafi mai bango mai kauri, ka riƙa rubuta sunan kowane abokin ciniki da lambarsa da aikin da ka yi masa da kwanan wata. Ajiye kwafin ayyukanka da rubuce-rubucenka a wuri biyu. Wannan ne jarin da ba mai ƙwace maka.

In ka ce hannunka ya fi sabawa da fiyano a kan alƙalami, ba laifi ba ne. A gidanku ko unguwarku akwai wanda ya gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi yana zaune babu aiki, ko ƙanwa mai kaifin Hausa. Ka faɗa da baki, su rubuta, ka ba su ɗan abin sayen data da sabulu. Sana'a ta haifi sana'a ke nan.

Tashi ka fara da waƙar da ka gama a makon nan. Kira mai ita ka nemi izini, yanki daƙiƙa 30 daga inda ta fi daɗi, ɗauki hoton fiyanonka da rana ta haska shi sosai. Rubuta layi biyar kan yadda aka yi aikin, ka rufe da sunan situdiyo, da Tsanyawa, da lambar waya. Sa wa kanka rana ɗaya a mako, Juma'a bayan an sauko masallaci ko Lahadi da yamma, ka ce wannan ranar ta rubutu ce, ko da wuta ko babu.